Ƙaimi da linzami: abin da buguwar kai ke yi wa cibiyar tsoro a ƙwaƙwalwar ɓera

A shekarar 2008 wasu likitocin rundunar sojan Amurka, ƙarƙashin jagorancin Charles Hoge, suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa sojoji 2,525 'yan watanni bayan dawowarsu daga Iraƙi. Cikin waɗanda suka bugu a kai har suka suma, kusan kashi 44 cikin 100 suna ɗauke da alamomin ciwon firgicin bayan masifa, wato ciwon nan da ke hana mutum barci, ya sa shi zabura idan an rufe ƙofa da ƙarfi, ya kuma riƙa dawo masa da abin da ya faru kamar a yanzu yake faruwa. Waɗanda suka ji rauni a wani sashe na jiki ban da kai, kimanin kashi 16 ne suke da ciwon, waɗanda kuma ba su ji rauni ba sam, kimanin kashi 9. Tazarar tana da girma, amma ba ta warware tambayar da ke ƙarƙashinta ba, domin sojan da bam ya jefar har ya suma ya fi kusa da mutuwa a kan wanda ya ji ƙarar daga nesa, ya ga abin da wancan bai gani ba, wataƙila ma ya rasa abokinsa a wurin. Bugun da ƙwaƙwalwarsa ta sha da tashin hankalin da zuciyarsa ta shiga a daƙiƙa ɗaya suka zo, kuma babu yadda za a raba su a jikin ɗan Adam.

A jikin dabba ana iya raba su, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa aka koma ɗakin gwaji. Ɓeran da za a yi wa rauni ana fara sa masa maganin barci, saboda haka bai ga abin da ya buge shi ba, ba shi da labarin da zai tuna, babu kuma wani ɗan'uwansa da ya mutu a gabansa. Idan bayan ya farfaɗo halinsa game da haɗari ya sauya, to hujja ta karkata ga cewa bugun kansa ne ya taɓa wani abu a cikin tsarin da ke kula da tsoro. Wurin da masu bincike suka fi zuba wa ido a wannan tsarin shi ne amigdala.

Amigdala tarin ƙwayoyin jijiya ce da ke can cikin ƙwaƙwalwa, a sashen da ke daura da kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa ƙwallon almon, kuma masanin sassan jiki ɗan Jamus Karl Friedrich Burdach ne ya laƙaba mata shi a farkon ƙarni na 19 saboda siffarta. A ƙarshen shekarun 1930 Heinrich Klüver da Paul Bucy suka lura cewa biran da aka cire wa sashen ƙwaƙwalwar da ke daura da kunne gaba ɗaya sun daina gudun abin da a da suke gudu, har da maciji, sannan a 1956 Lawrence Weiskrantz ya nuna cewa cire amigdala kaɗai ya isa ya kawo yawancin wannan sauyi. Amigdala ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai rukunin gefe da ƙasa, wanda ke karɓar saƙonnin ji da gani da zafin ciwo daga talamus, wato zangon da saƙonni ke ratsawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, da kuma ɓawon ƙwaƙwalwa, akwai kuma rukunin tsakiya, wanda ke aika umarni zuwa ga sassan da ke sa dabba ta ƙame, zuciyarta ta ƙara bugu, sinadaran damuwa su kwarara cikin jini. Ana iya cewa na farko ne ke sauraro ya yanke hukunci, na biyu kuma ke zartarwa.

A rukunin gefe da ƙasa, kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar masu zuga ne, suna magana da juna da sinadarin gulutamet. Sauran, kimanin kashi 20, masu hanawa ne, kuma sinadarinsu shi ne GABA. Duk wanda ya san hawan doki zai gane wannan tsari: gulutamet ƙaimi ne, GABA linzami. Masu riƙe linzamin ba su da yawa, amma kowace ɗaya daga cikinsu tana riƙe da masu zuga da yawa, don haka asarar kaɗan daga cikinsu kan yi tasirin da ya wuce adadinsu. A wurin da ƙwayar jijiya ke haɗuwa da 'yar'uwarta akwai makarɓa, wato ƙananan ƙofofin furotin da ke buɗewa idan sinadarin ya sauka a kansu. Ɗaya daga cikin makarɓan gulutamet, wanda ake kira NMDA, yana da wata ɗabi'a ta musamman: ba ya buɗewa sosai sai saƙo ya zo a daidai lokacin da ƙwayar ta riga ta motsu, kuma idan ya buɗe yakan shigar da kalsiyam wanda ke ƙarfafa mahaɗar ta daɗe da ƙarfinta. Ta haka ne amigdala ke koyo. Idan aka kunna wa ɓera wani sauti sannan aka biyo shi da ɗan jan lantarki a ƙafa, saƙonnin biyu sukan haɗu a kan ƙwayoyi guda, mahaɗar sautin ta ƙara ƙarfi, gobe in ya ji sautin shi kaɗai sai ya ƙame wuri ɗaya, babu abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi. Tsawon wannan ƙamewa shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a duk binciken da za a ambata a nan, kuma ayyukan Joseph LeDoux a New York da Michael Fanselow a Los Anjelis na cikin waɗanda suka shimfiɗa hanyarsa.

Hanyoyin yi wa dabbar rauni kuwa huɗu ne suka fi shahara, kuma bambancinsu zai zama da muhimmanci nan gaba. A ta farko ana huda ƙoƙon kai a harba ruwa mai matsi na ɗan ƙiftawar ido a kan tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko a tsakiyar kai ko a gefe. Edward Dixon ya daidaita na tsakiya ga ɓeraye a 1987, Tracy McIntosh kuma na gefe a 1989. A ta biyu wani ɗan sandan ƙarfe ne na'ura ke cakawa a kan ɓawon ƙwaƙwalwa da zurfi da saurin da aka ƙayyade. A ta uku ana sako nauyi daga sama a kan kai ba tare da an buɗe shi ba, kamar yadda Anthony Marmarou ya tsara a 1994. Ta huɗu ita ce bututun da ke harbo iska mai matsi don kwaikwayon fashewar bam. Babu ɗaya daga cikinsu da ke dukan amigdala kai tsaye, domin tana can ƙasa, nesa da inda bugun ke sauka.

Abin da ke faruwa a mintocin farko an daɗe da saninsa. A 1990 Yoichi Katayama da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis suka auna yadda bugun ke sa fotasiyam ya kwararo daga cikin ƙwayoyin jijiya, gulutamet kuma ya malala ba tsari. Kalsiyam ya cika ƙwayoyin, su kuma su shiga cin sukari da gaggawa don su mayar da komai mazauninsa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo musu sukarin ya ragu. Wannan ambaliya takan lafa. Tambayar da ta shafe mu ita ce irin zaman da ƙwaƙwalwa ke yi bayan ruwan ya janye, lokacin da ƙwayoyin da suka tsira ke sake ƙirga makarɓansu da sake ɗaura mahaɗansu.

Amsa ta farko mai nauyi ta fito ne a 2012 daga wannan jami'a ta Los Anjelis, a aikin Maxine Reger tare da Fanselow da David Hovda. Sun yi wa manyan ɓeraye, wato jinsin ɓera mai girman jiki, raunin ruwa mai matsi a gefen kai, suka jira kwana 2, sannan suka koya musu haɗa sauti da jan lantarki. Tsarin na da hikima, domin ya raba lokacin raunin da lokacin abin tsoron, wanda a fagen yaƙi ba ya rabuwa. Ɓerayen da aka bugar sun fi sauran ƙamewa, kuma tsoron nasu ya ƙetare iyakar abin da aka koya musu, ya shafi wurare da sautukan da ba a taɓa haɗa su da ciwo ba. Da aka duba amigdalarsu sai aka tarar makarɓan NMDA sun ƙaru a rukunin gefe da ƙasa, tare da alamar raguwar furotin ɗin da ke haɗa GABA, ko da yake wannan alama ta biyu ba ta kai ƙarfin ta farko ba. Ma'anar wannan ita ce bugun bai dasa wa dabbar wani tsoro ba, amma ya bar mata amigdalar da ke saurin haddace abin tsoro idan ya zo, ta kuma haddace shi da faɗin da ya wuce kima.

Shekara bakwai bayan haka, a 2019, Ann Hoffman da mutanen wannan ɗakin gwaji suka gano wani abu da, a ganina, ya fi na farkon buɗe ido. Sautin da aka saba amfani da shi a irin wannan gwaji shi ne shuuu ɗin nan mai kama da na rediyon da ba ta kama tasha ba, a ƙarfin da bai wuce desibel 75 ba a ma'aunin ƙarar sauti, wanda lafiyayyen ɓera ba ya damuwa da shi. Sai suka lura cewa ɓerayen da aka bugar suna nuna halin kare kai da jin wannan sauti tun kafin a haɗa shi da wani jan lantarki. Da suka bi sawun saƙon cikin ƙwaƙwalwa sai suka ga sautin yana motsa ɓangaren gefe na amigdala fiye da kima a ɓarin da aka buga, kuma ƙarin motsin yana zuwa ne daga ƙwayoyin talamus masu kai saƙon ji zuwa amigdala, alhali a hifokamfus, wanda ke riƙe da sanin wuri da yanayi, motsin raguwa ya yi. Wannan ya sauya yadda ya kamata a karanta sakamakon 2012. Mai yiwuwa wani kaso na abin da aka kira ƙarin tsoro ya samo asali ne tun daga bakin ƙofa: saƙon da ke isowa amigdala ya riga ya zo da zafi, har sautin da ba shi da laifi ya zama abin ƙi, sannan in aka ɗora masa ciwo na gaske sai a samu darasi mai ninki biyu. Duk wanda ya taɓa jinyar mai buguwar kai ya san yadda hayaniyar yara ko hasken rana kan dame shi, kuma sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin ƙorafi da zai wuce. Aikin Hoffman ya ba da dalilin ɗaukarsa da muhimmanci, domin yana iya zama mashigar da raunin ke bi ya kai ga cibiyar tsoro.

Batun linzami kuwa ya fi fitowa fili a wani aiki na 2014 daga jami'ar kiwon lafiya ta sojan Amurka da ke Bethesda, wanda Camila Almeida-Suhett ta yi a ɗakin gwajin Maria Braga. Sun yi amfani da sandan ƙarfe, a mataki mai sauƙi. Bayan mako guda ɓerayen sun fara gudun tsakiyar fili suna bin bango, wanda a wurin ɓera alamar ɗari-ɗari ce, kuma halin ya ci gaba har zuwa kwana 30. A rukunin gefe da ƙasa na amigdala an samu asarar ƙwayoyin GABA, kuma da aka saurari ƙwayoyi masu zuga da ƙaramar allurar lantarki sai aka ji saƙonnin hani da ke iso musu sun ragu a yawa sun kuma ragu a ƙarfi. Raguwar yawa tana nuni ga ƙarancin masu aikowa, raguwar ƙarfi kuma ga ƙarancin makarɓan GABA a fuskar mai karɓa, kuma sun tabbatar da cewa makarɓan sun ragu. A lokaci guda wani nau'in makarɓi mai ƙara zuga, na wani sinadarin jijiya da ake kira asetilkolin, ya ƙaru. Dokin da aka sassauta wa linzami aka kuma ƙara masa ƙaimi, ba sai an faɗi yadda zai yi da jin motsin ganye ba.

Siffar ƙwayoyin ma tana sauyawa. A 2017, a wani aikin da aka yi a Arizona da raunin ruwa mai matsi a tsakiyar kai, Hoffman da Jonathan Lifshitz da Theresa Currier Thomas sun ga rassan ƙwayoyin jijiya na wannan rukuni sun ƙara yawa tun daga rana ta farko, kuma suna nan a haka har kwana 28. Abin lura a nan shi ne tun 2002 Ajai Vyas da Sumantra Chattarji a Bangalor ta Indiya suka nuna cewa matsananciyar damuwa mai tsawo tana yi wa ɓeraye irin wannan: rassan amigdala su yaɗu, na hifokamfus su tsuke. Bugu guda na ɗan ƙiftawar ido, a kan dabbar da ke barci, ya bar tabo mai kama da na kwanaki ana takura mata tana farke.

Binciken da ya fi kusa da tambayar sojojin Iraƙi shi ne na Gregory Elder da abokan aikinsa a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx a New York, wanda shi ma ya fito a 2012. An sa wa ɓeraye maganin barci aka harba musu iska mai matsi sau ɗaya a rana har kwana 3, a matakin da bai bar wata babbar ɓarna da ido ke gani a ƙwaƙwalwa ba. Watanni bayan haka suna nuna ɗari-ɗari, suna riƙe darasin tsoro fiye da sauran, kuma martaninsu ga warin dabbar da ke farautarsu ya sauya. A amigdalarsu wani furotin mai suna statmin 1 ya ƙaru, wanda tun 2005 Gleb Shumyatsky da Eric Kandel suka nuna cewa ƙananan ɓerayen da ba su da shi ba su cika tsoro ba, na gado ko na koyo.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce bugun kai yana kunna amigdala, a rufe littafi. Sai dai akwai sakamakon da ya ƙi bin wannan layi, kuma ba na masu sakaci ba ne. A 2016 Christopher Palmer da Akiva Cohen a asibitin yara na Filadelfiya suka yi wa ƙananan ɓeraye raunin ruwa mai matsi a gefen kai, irin wanda aka yi a Los Anjelis, suka samu akasin abin da aka samu a can: dabbobin sun rage ƙamewa idan suka ji sautin da aka haɗa da ciwo. Da suka yanki amigdalar suka shafa mata rinin da ke sauya haske idan lantarki ya ratsa, sai suka ga motsin da ke yaɗuwa a cikinta ya yi rauni. A 2020 kuma Joshua Beitchman da Currier Thomas suka auna gulutamet kai tsaye a cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye masu rai wata guda bayan rauni, suka tarar a rukunin tsakiya sakinsa ya ragu kuma share shi daga mahaɗa yana jinkiri, alhali dabbobin na nuna ɗari-ɗari. Ga ƙarancin sinadarin zuga, ga kuma ƙarin fargaba a dabba guda.

Ban ga dalilin ɗaukar wannan saɓani a matsayin abin kunya ga fannin ba, domin yawancinsa yana da bayani. Lokaci na farko: kwana 2 bayan rauni, da mako guda, da wata guda, da wata shida, ƙwaƙwalwa huɗu ce daban-daban, tun da gyaran da take yi wa kanta yana tafiya ne mataki-mataki, wani lokaci ma ya wuce gona da iri ya dawo. Sai nau'in raunin, domin sandan ƙarfe yana ƙuje wuri guda, ruwa a tsakiyar kai yana jan zaren jijiyoyi ko'ina, iska mai matsi kuma tana taɓa ƙananan hanyoyin jini. Babban ɓera da ƙaramin ɓera jinsi biyu ne da suka rabu tun miliyoyin shekaru. Amma bayanin da ya fi gamsar da ni yana cikin ginin amigdalar kanta. Rukunin tsakiya kusan dukkan ƙwayoyinsa masu hanawa ne, wasu suna hana waɗanda ke hana wasu, saboda haka raguwar gulutamet a wani lungu nasa na iya ƙarewa da sakin umarnin tsoro. Ko a rukunin gefe da ƙasa ba duk masu zuga ne ke zuga tsoro ba; akwai waɗanda aikinsu kashe shi ne, kuma wani aikin 2014 daga Memfis ta jihar Tenesi, a ɗakin gwajin Anton Reiner, ya samu raguwar irin waɗannan ƙwayoyi a ƙananan ɓerayen da aka harba wa iska mai matsi. Tambayar ko amigdala ta ƙara motsi ko ta rage, in ba a faɗi wane rukuni da wace ƙwaya da wace rana ba, tambaya ce da ba ta da amsa ɗaya. Abin da duk ayyukan suka haɗu a kai shi ne ma'aunin ya goce: martanin dabbar ya daina dacewa da girman haɗarin, ko ya zarce ko ya gaza.

Akwai shaida daga mutane da ke ƙarfafa wannan fahimta ta wata fuska. A 2008 Michael Koenigs da Jordan Grafman suka duba tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam waɗanda harsashi ko ɓaraguzan ƙarfe suka ratsa kansu, suka tarar cewa cikin waɗanda amigdalarsu ta lalace babu ko ɗaya da ya kamu da ciwon firgicin bayan masifa. Ciwon yana buƙatar amigdala mai rai, mai aiki. Shi ya sa raunin da ake kira mai sauƙi, wanda ke barin ta a raye amma ya karkata mata sikeli, zai iya zama mafi haɗari ta wannan fuska a kan wanda ya rushe ta.

Bai kamata kuma a ɗora wa amigdala komai ba. Hifokamfus, wanda ke gaya mata cewa wancan ɗakin ne mai haɗari ba wannan ba, yana cikin sassan da raunin ruwa mai matsi ya fi ɓatawa, kuma ɓawon gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke koya mata cewa haɗarin ya wuce, yana magana da ita ne ta dogayen zaruruwan da jijjiga ke iya ja ko tsinkawa. Tsoron da ya ƙetare iyaka a ɓerayen Reger na iya zama laifin mai ba da labari kamar yadda zai iya zama laifin mai sauraro.

Sai kuma iyakokin gwajin, waɗanda wajibi ne a faɗe su. Ƙamewar ɓera motsin jiki ce da ake aunawa da agogo. Abin da ɓeran ke ji a ransa babu mai iya aunawa. LeDoux da kansa, bayan shekaru yana amfani da kalmar tsoro, ya fito a 2012 yana cewa abin da ake nazari a dabba tsarin gano barazana ne da kare kai, kuma haɗa shi da tsoron da mutum ke ji a zuci ya jawo ruɗani. Bayan wannan, dabbar da ta rage ƙamewa na iya yin haka don ba ta ji sautin sosai ba ko don rashin natsuwa, wadda ta ƙara kuma don ciwo ko kasala. Maganin barcin da ya ba gwajin darajarsa shi ma yana aiki ne a kan makarɓan GABA, waɗanda su ake son aunawa. Huda ƙoƙon kai kaɗai, ko ba a yi bugun ba, yana haddasa kumburi da sauyin hali, kamar yadda wani aikin 2011 na Jeffrey Cole ya nuna, ga shi kuwa dabbobin da aka huda ba a buga ba su ne ake kwatantawa da su a matsayin lafiyayyu. Yawancin ayyukan da na ambata a kan maza aka yi su, kuma sai a 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta fara tilasta wa masu nema su yi la'akari da jinsi. Ƙwaƙwalwar babban ɓera ba ta wuce giram 2 ba kuma sumul take babu lanƙwasa, ta mutum kuwa ta haura kilo guda kuma cike take da kwaruruka, don haka yadda ƙarfin bugu ke ratsa su ba ɗaya ba ne. Tarihin fannin ma yana koyar da taka-tsantsan: sinadarin furojestaron ya kare ƙwaƙwalwar ɓeraye a gwaje-gwaje masu yawa, amma manyan gwaje-gwaje biyu a kan mutane da aka wallafa a 2014 ba su ga amfaninsa ba.

Duk da haka ina ganin abin da aka samu ya isa ya gyara wata fahimta da ke cutar da marasa lafiya, a can da nan. A garuruwanmu yawancin masu buguwar kai ba sojoji ba ne, matasa ne da suka faɗo daga babur ba hular kwano, da fasinjojin mota, da waɗanda rikici ya rutsa da su. Idan hoton ƙwaƙwalwa bai nuna jini ko karaya ba akan sallame su a ce an auna arziki. Bayan wata biyu sai iyali su ga mutum ya zama mai saurin fushi, ba ya son hayaniya, yana firgita cikin dare, ko kuma akasin haka, ya daina shakkar abin da ya kamata ya shakka, sai a fara cewa ya canza hali, ko a danganta abin da iska, ko a zarge shi da raki. Ɓerayen Bronx da na Arizona sun nuna cewa tsarin da ke auna haɗari zai iya gocewa na tsawon makonni ko watanni a ƙwaƙwalwar da idan aka dube ta ba a ganin wata ɓarna, kuma hakan na faruwa a dabbar da ba ta da labarin haɗarin balle a ce tunani ne ya yi mata yawa.

Ko wannan gocewa tana gyaruwa? A 2018 Georgina Perez-Garcia da Elder suka ba ɓerayen da aka harba wa iska mai matsi wani magani mai suna BCI-838, wanda ke toshe wani rukunin makarɓan gulutamet da aikinsu shi ne daidaita yawan sakinsa, kuma sun fara ba da shi ne bayan raunin ya riga ya auku. Da yawa daga cikin halayen ɗari-ɗari da riƙe tsoro sun ja baya. Ba a nuna haka a jikin mutum mai buguwar kai ba, kuma labarin furojestaron yana nan yana jiran duk mai gaggawa. Amma a wajen ɓerayen, ja da bayan ya nuna cewa aƙalla wani kaso na matsalar yana zaune ne a yadda ƙwayoyin da suka rayu ke magana da juna, domin ƙwayar da ta mutu babu maganin da zai dawo da ita, makarɓi kuwa ana ƙera shi ana sauke shi a kowace rana.